Ku Tambaya, Mu Lissafa: Lambar Ƙwayar Hatsi Mai Alƙaluma Ashirin

A fitowar da ta wuce mun ajiye wata lamba a gindin shafi ba tare da mun ce uffan a kanta ba, muka roƙi masu karatu su dube ta su aiko da abin da ya ɗaure musu kai. Ga ta kuma: 18,446,744,073,709,551,615. Wasiƙu sun zo daga Yamai da Tawa, mun zaɓi shida. Ku lura da abu biyu tun yanzu. Muna raba alƙaluma uku-uku da waƙafi, gutsure kuma da ɗigo, ko da yake a lakkol fili ake bari tsakanin dubbai. In kuma kun ga 2^5, ana nufin a jera 2 har biyar a ninka su da juna, wato 32.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malamai. Malaminmu na lissafi ya ce wannan lamba ita ce yawan ƙwayar hatsin da za a tara in aka sa ƙwaya ɗaya a gidan farko na allon dara mai gida 64, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa har ƙarshe. Ni a ganina ko tiya ɗaya ba za ta cika ba. Ta yaya ta kai haka? (Daga wani ɗalibin lise, unguwar Bukoki, Yamai)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗanmu. Malaminka bai yi muku zuƙi-ta-malle ba. Tsohon lissafi ne, Ibn Khallikan ya kawo labarinsa tun a ƙarni na 13, a kan darar da Larabawa ke kira shatranj, sai dai shi da alkama aka yi nasa.

Fara da ƙanana. Gida uku: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, wato 8 ba ɗaya. Gida huɗu: 15, wato 16 ba ɗaya. Kullum jimillar tana gaza abin da za a zuba a gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce 2^64 a ɗebe 1, ba sai ka zauna kana tara layi sittin da huɗu ba.

Yanzu mu auna. Nauyin ƙwayar hatsi ya danganta da iri da kyawon damina, amma don sauƙin lissafi mu ɗauka ƙwaya 1,000 na auna giram 10. Tiya mai kilo biyu da rabi za ta ci ƙwaya 250,000 ke nan, buhu mai kilo 100 kuma ƙwaya miliyan 10. Har gida na goma kana da gaskiya: duka-duka ƙwaya 1,023, ko tafin hannu ba su cika ba. A gida na 18 jimilla ta kai 262,143, tiyarka ta cika har ta yi toliya. A gida na 24 an wuce buhu da rabi. In a darar gida aka yi, wadda ake haƙa wa layi biyar na gurbi shida-shida a ƙasa, da an tsaya a gurbi na 30 da ƙwaya 1,073,741,823, buhu 107 da ɗan wani abu. A gida na 32, tsakiyar allo, an tara 4,294,967,295, kimanin tan 43, lodin tirela da ɗoriya. Har nan dai babban ɗan kasuwar hatsi zai iya biya.

Daga nan ne ido ke raina fata. Gida na 33 shi kaɗai ya fi duk talatin da biyun da suka gabata, na 34 ma haka, kuma sauran gida talatin a gaba. A ƙarshen allo nauyin ya kai wajen tan miliyar 184. Ko mun ɗauka ƙasar nan tana girbe tan miliyan 4 na hatsi duk shekara ba fari ba fara, sai an yi damina sama da 46,000 kafin a cika mudun.

Kurakurai uku muke yawan gani a takardun ɗalibai. Wani ya ninka 2 da 64 ya samu 128. Wani ya ninka 64 da 64 ya samu 4,096. Na uku ya fi su wayo amma shi ma ya zame: yana rubuta 2^64 a matsayin abin da ke gidan ƙarshe. Gidan farko ƙwaya ɗaya ce, ba a yi ninki ba tukuna, don haka gida na 64 ninki 63 ya sha, wato 9,223,372,036,854,775,808.

TAMBAYA: Ni dai karanta ta ma ya gagare ni. Rediyon nan gida suna cewa miliyar, na Najeriya suna cewa biliyan da tiriliyan. Wanne ya fi wanne, kuma yaya zan faɗi wannan lamba da baki? (Daga wani Alhaji mai sayar da kayan gini, kasuwar Katako)

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ruɗanin ba naka ba ne kai kaɗai, tsari biyu ne suka haɗu a bakin iyaka. A tsarin Faransanci miliyar ita ce 1 da sifiri 9. Wannan ita ce biliyan a bakin ƴan Najeriya, don su tsarin Amurka da Ingila suke bi. Tarkon yana mataki na gaba. In Bafaranshe ya rubuta "billion", 1 da sifiri 12 yake nufi, wato miliyar dubu, abin da ake kira tiriliyan a Kano. "Trillion" ɗinsa kuwa sifiri 18 gare ta. Wanda ya ɗauki takardar Faransanci ya juya kalmar yadda ya gan ta zai iya rage kuɗi kashi dubu bai sani ba. Ingila kanta tsarin da Faransa ke bi take bi a da, sai a 1974 gwamnatinta ta koma ɗayan.

Shawararmu ka riƙe miliyar kawai, ka yanka lambar tara-tara daga dama: 18, sai 446,744,073, sai 709,551,615. Ka ce miliyar-miliyar 18, da miliyar 446,744,073, da 709,551,615. In kana son jin nauyinta, ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo: miliyan za ta ci maka kwana 11 da rabi, miliyar ta ci shekara kusan 32, wannan kuwa shekara miliyar 584. Kuma kada a manta da ƙirgan kasuwa: in da sefa ce ake faɗa da dala, sai an raba da 5, kuma tana rabuwa daidai, tun da 5 ce a ƙarshenta.

TAMBAYA: Ina koyar da lissafi a kolej. Ɗalibaina sun gane cewa 5 tana raba ta, daga nan suka tsaya cak. Akwai hanyar da za mu fasa ta gaba ɗaya a kan allo, ba tare da kwamfuta ba? (Daga wata malamar makaranta, Tawa)

AMSA: Akwai, Malama, kuma awa ɗaya ta isa in an tsara ta. Bari mu sa wa abin suna tukuna. Lambar da babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, wadda littafin aji ke kira "nombre premier", mu a wannan shafi gagara-raba muke ce mata. Fasa lamba shi ne a gano gagara-raban da aka ninka aka same ta.

Ki fara da gwaje-gwajen ido, don yara su ji daɗin hannunsu. Ƙarshenta 5, to mara ce ba cika ba, 2 ba ta raba ta. Ƙarshenta 15, ba 25 ko 75 ko 50 ko 00 ba, to 5 sau ɗaya kawai ta shiga. Wannan 15 ɗin ta kuma gaya mana cewa babu lambar da za a ninka da kanta a same ta, don duk irin wannan ninki in ya ƙare da 5 to da 25 yake ƙarewa. Sai su tara alƙaluman ashirin: 87. Uku na raba 87, tara ba ta raba ta, saboda haka 3 ma sau ɗaya ta shiga.

Ga wata dabara da ba kasafai ake koyar da ita ba, mai jifan tsuntsu uku da dutse ɗaya. 7 sau 11 sau 13 ya ba da 1,001. Ki ɗauki rukunan uku-uku daga dama, ki riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 615 a ɗebe 551, a tara 709, a ɗebe 73, a tara 744, a ɗebe 446, a tara 18. Za ki samu 1,016. Ki raba wannan ƙaramar da 7, saura 1. Da 11, saura 4. Da 13, saura 2. To babbar ma waɗannan ne saurarta, babu ɗaya cikin ukun da ke raba ta. Inda yara ke faɗuwa a nan shi ne rukunin 073: wasu na mance shi, wasu na fara lissafin daga hagu su rikita inda ake ɗebewa.

Amma in aka ce za a ci gaba da haka, 17, 19, 23, ɗaya bayan ɗaya a kan lamba mai alƙaluma 20, za a kai hutun damina ba a gama ba. Maganin shi ne a bar kallon alƙaluma a koma kan yadda aka gina lambar. Ɗalibanki sun san cewa a² a ɗebe b² daidai yake da (a + b) sau (a − b). To 2^64 ai 2^32 ce aka ninka da kanta, 1 ma haka. Nan take ta tsage biyu: 4,294,967,297 sau 4,294,967,295. Ta biyun ita ce 2^32 ba ɗaya, sai ta sake tsagewa: 65,537 sau 65,535. Ita ma 65,535 ta ba da 257 sau 255; 255 ta ba da 17 sau 15; 15 ta ba da 5 sau 3. Kamar ɓarar gyaɗa, kowane kwanso ka fasa sai ka ga ƙwaya ɗaya da wani kwanson. An samu 3, 5, 17, 257, 65,537, duk gagara-raba ne, sai ƙatuwar nan 4,294,967,297 da ta rage.

Ita ce mai tarihi. Fermat, masanin Faransa, ya lura a wajen 1640 cewa waɗancan biyar duk gagara-raba ne, sai ya zaci duk danginsu, wato 2^1, 2^2, 2^4, 2^8 da ci gaba, kowacce da ɗaya a kai, haka suke, har da wannan ta shida. Zato ne bai tabbatar ba, kuma ya kusa shekara ɗari a tsaye, sai a 1732 Euler ya nuna 641 na raba ta. (A shekarar nan dai ce wani Bakatsine, Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafinsa na Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara; a Alƙahira ya rasu a 1741. Ki gaya wa yara wannan, su san ba daga nesa kaɗai lissafi ke zuwa ba.)

Ba lalube za ki sa su yi ba. An tabbatar cewa duk gagara-raban da zai raba 2^32 da ɗaya dole ya zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Ki sa su jera: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Su soke waɗanda ke rabuwa, wato 65, 129, 321, 385, 513. Saura biyar, ki raba aji rukuni biyar kowa ya ɗauki ɗaya ya yi doguwar rabawa. Huɗu za su dawo da saura, masu 641 za su dawo da 6,700,417 cif. A tabbatar da ninki: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 ita kanta. A tara, 4,294,967,297.

In sun yi gwajin tara da aka saba: 641 ta koma 2, 6,700,417 ta koma 7, ninkinsu 14 ya koma 5, amsar ma alƙalumanta 59 ne, sun koma 5. Ya yi daidai, amma ki ja musu kunne: wannan gwaji ba ya kama wanda ya musanya alƙaluma biyu. Mai 297 da mai 279 a ƙarshe duk 5 za su samu. Gwajin tara yana iya cewa ka yi kuskure, ba ya iya rantsuwa cewa ka yi daidai.

Sauran 6,700,417. Ita gagara-raba ce, kuma tabbatarwa ba ta da tsawo kamar yadda ake tsoro. Ba a gwada masu rabawa sai zuwa saiwar lamba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai ta, don in akwai mai rabawa sama da saiwa to abokin ninkinsa yana ƙasa da ita, da tuni an ci karo da shi. 2,588 sau 2,588 ya ba da 6,697,744, 2,589 kuma ya zarce. Iyakar bincike ke nan 2,588, kuma a cikinsu ninkin 64 da ɗaya kaɗai za a duba, guda 40, fiye da rabinsu ma masu rabuwa ne da za a soke. Wannan aikin gida ne mai kyau.

Cikakkiyar fasawa: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Bakwai ne, ba wanda ya maimaitu.

TAMBAYA: Na rubuta lambar taku a Excel sai ta koma 1,84467E+19. Da na gyara gidan ya nuna ta duka, sai na ga sifirai a ƙarshe. Kwamfutar ce ta lalace? (Daga wata akanta, unguwar Yantala, Yamai)

AMSA: Lafiyarta lau, Hajiya. Excel alƙaluma 15 na farko kaɗai yake riƙewa a lamba, duk abin da ya biyo baya sifiri yake mayar da shi. In kin buga ta da hannu za ki ga 18446744073709500000. In kuma kin sa ya lissafa =2^64-1, zai nuna 18446744073709600000, kuma ɗayan nan da kika ɗebe ko a jikinsa, don lambar ta fi ƙarfin ya ji ragin ɗaya. E+19 ɗin nufinsa a matsar da waƙafin, wanda a nan alamar gutsure ce, gida 19 zuwa dama. Dalilin duka shi ne irin ma'ajin da ake ba lamba a cikin na'ura: ba ya riƙe cikakkun lambobi ɗaya bayan ɗaya ba tsallake sai zuwa 2^53, wato 9,007,199,254,740,992.

Wannan ya shafi aikinki fiye da wasan hatsi. Lambar katin banki alƙaluma 16 ce, in kika zuba ta haka kawai alƙalamin ƙarshe zai koma sifiri shiru, ba gargaɗi. Kafin ki buga, ki mayar da gidan zuwa "Texte", ko ki fara da ɗan waƙafin sama ('). Kafin, ba bayan ba: in an riga an buga, alƙaluman sun tafi, canza tsarin gidan ba zai dawo da su ba, sai kin koma kan takardar asali. In kuma lissafi za ki yi da doguwar lamba, ki yanka ta gida biyu, 1844674407 da 3709551615, ki riƙa kai ajiya daga wannan zuwa wancan da kanki, kamar yadda ake yi a kan allo.

Mai Python (harshen ba kwamfuta umarni) a kwamfutarsa ya huta, don shi ba ya yanke cikakkiyar lamba komai tsawonta. A rubuta 2**64 - 1, da taurari biyu. Wanda ya rubuta 2^64 - 1 a can zai ga 61 ya yi ta mamaki, saboda alamar wani aiki dabam take yi a wurinsa. Wajen rabawa a yi amfani da // don amsa da % don saura; sanda ɗaya / tana mayar da ke cikin matsalar da kika baro a Excel.

Lambar ba baƙuwa ba ce a wajen kwamfuta. In an rubuta ta da 0 da 1 irin nata, 1 ce guda 64 a jere, ita ce mafi girman abin da ma'aji mai gurbi 64 ke ɗauka. Ƙanwarta 2,147,483,647, wato 2^31 ba ɗaya, ita ce iyakar agogon tsofaffin na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun daga farkon 1970. Zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijar.

TAMBAYA: A littattafan hisabi mun karanta cewa adadi iri uku ne: tammi, za'idi da naƙisi. Wannan taku a wane sahu take? (Daga wani malamin zaure, Tawa)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, naƙisa ce, kuma ga hujja. Don masu karatun da ba su san rabon ba: ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, tammi ce, kammalalliya, kamar 6 (1, 2, 3) da 28 (1, 2, 4, 7, 14), sai 496 da 8,128. In ta zarce, za'ida ce, mai rara, kamar 12 da masu raba ta suka tara 16. In ta gaza, naƙisa ce, mai giɓi. Rabon daga Girkawan da ya fito, Sabit ibn Kurra na Bagadaza, wanda ya rasu a 901, yana cikin waɗanda suka shigo da shi Larabci. Malam ya fi mu sanin dalilin da ya sa 6 da 12 da 24 suka zama asalin mas'ala a rabon gado: masu raba su ne da yawa, rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni suna samun wurin zama.

Tamu masu raba ta 128 ne. Gagara-raba bakwai gare ta, kowanne ko a ɗauke shi ko a bar shi, 2 har bakwai a ninka, 128, har da 1 da ita kanta. Ba sai an jera su an tara ba. A duba 15: masu raba ta 1, 3, 5, 15 sun tara 24, wanda shi ne 4 sau 6, wato an ƙara wa 3 ɗaya an ƙara wa 5 ɗaya an ninka. Haka ake yi wa duk lambar da gagara-rabanta ba su maimaitu ba. Mafi sauƙi a auna da kaso: 4 bisa 3 sau 6 bisa 5 ya ba da 1.6, sau 18 bisa 17 ya kai 1.694, 258 bisa 257 ya kai shi 1.701, 642 bisa 641 ya kai 1.703, manyan biyun ba su motsa shi yadda ido zai gani ba. Da 2 cif aka samu da tammi ce, da an wuce 2 da za'ida ce. An tsaya a 1.703, ma'ana in an cire ita kanta, sauran 127 ɗin duka kashi 70 cikin 100 nata kawai suka tara.

Abin lura, girman lamba ba shi ke sa ta yi rara ba, ƙananan masu rabawa ne. In aka ninka ta da 7, kason ya tashi 1.947, har yanzu da giɓi. A ninka ta da 2 kawai, ya haura 2.55, ta zama za'ida. Shi ya sa za'ida mara ke da wuyar samu: ta farkonsu sai a 945. Tammi mara kuwa har yau ba wanda ya samo ko ɗaya, ba kuma wanda ya tabbatar babu.

TAMBAYA: Tun da 2^64 ba ɗaya ta fashe, akwai irinta da ba ta fashewa? Wace ce mafi girma? (Daga wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni)

AMSA: Akwai, ana kiran dangin da sunan Mersenne, wani limamin kirista Bafaranshe da ya rasu a 1648. Sharaɗin farko: lambar da ke sama ita ma ta zama gagara-raba. 64 da 30 masu rabuwa ne, shi ya sa tamu ta fashe, ta darar gida ma ta fashe zuwa 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Amma sharaɗin bai wadatar ba: 2^11 ba ɗaya 2,047 ce, 23 sau 89. Maƙwabtan tamu biyu sun isa misali. Ta 61, wato 2^61 ba ɗaya, gagara-raba ce. Ta 67, wadda Mersenne ya sa a jerinsa, a 1903 Frank Cole ya nuna 193,707,721 ce sau 761,838,257,287.

Gwajin da ake yi musu, na Lucas da Lehmer, kana iya yinsa a kaye. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura kawai, ka sake. Yawan zagayen shi ne lambar sama a ɗebe 2. Ga 127, wato 2^7 ba ɗaya, zagaye biyar: 14, 67, 42, 111, 0. Sifiri a ƙarshe, gagara-raba ce. Ga 2,047 zagaye tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifiri, tana rabuwa, ko da yake gwajin ba ya gaya maka wa ke raba ta. Kada ka jinkirta ɗaukar saura zuwa ƙarshe, don tsawon lambar ninkuwa yake kowane zagaye, kafin na goma ta fi ƙarfin shafinka.

Mafi girma babu, Iƙlidis, masanin Girka, ya tabbatar tun kafin haihuwar Annabi Isa cewa gagara-raba ba su da iyaka. Sai dai mafi girman da aka gano: a Oktoban 2024 Luke Durant, cikin GIMPS, aikin gayyar neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta da aka fara a 1996, ya samo 2^136,279,841 ba ɗaya, ta 52 da aka gano a dangin. Alƙalumanta 41,024,320. In shafin kaye na cin alƙaluma 2,000, sai ka sayi kaye mai shafi 200 guda 103, ka yi kwana 475 kana rubuta ɗaya kowace daƙiƙa.

Kana iya sanin abu biyu game da ita ba ka gan ta ba. Ƙarshen ninkin 2 zagaye yake: 2, 4, 8, 6, ya koma. 136,279,841 in an raba da 4 saura 1, to ƙarshen 2 ne, a ɗebe ɗaya, 1. Yawan alƙaluma kuma, ka ninka lambar sama da 0.30103, ka yar da gutsure, ka ƙara ɗaya: 64 ta ba da 19.27, alƙaluma 20, daidai. Amma gwada wannan a kan ta Durant za ka samu 41,024,320.54, ka ce alƙaluma 41,024,321, ka yi ƙari da ɗaya. Laifin 0.30103 ne, don an ɗan cika ta, ainihinta 0.30102999566 ne da ci gaba. Bambancin bai kai a kula ba a kan 64, amma da aka ninka shi sau miliyan 136 ya zama 0.59, ya tsallakar da kai gida na gaba. Da doguwar za ka samu 41,024,319.95.